Lissafin siffofi da awo: amsoshin tambayoyin ɗalibai da iyaye a Tahoua

Ina koyar da lissafi ga ƴan kolej da ƴan lise a nan Tahoua, kuma tambayoyin da ke ƙasa su ne ke dawo mini kowace shekara, musamman idan BEPC, jarrabawar ƙarshen kolej, ta ƙarato. Wasu daga ɗalibai ne, wasu daga iyayensu. Kafin ka fara karatu ka nemo takarda da fensir da abin ja layi, domin kusan duk amsar da zan bayar sai an zana ta take shiga kai.

Mushe, mene ne ma bekta? Ina iya zana kibiyar amma ban san abin da take nufi ba.

Bekta umarnin tafiya ce. Idan na ce maka ka yi taku 3 gabas sannan taku 4 arewa, na ba ka bekta. Ban faɗa maka inda za ka tsaya kafin ka fara ba, kuma ba sai na faɗa ba. Wanda ke bakin kasuwa zai iya bin umarnin, wanda ke ƙofar lakwal ma zai iya. Ba wuri ɗaya za su ƙare ba, amma tafiyar iri ɗaya ce.

Abu uku ke tare da kowace bekta: layin da take bi, gefen da ta dosa a kan layin, da tsawonta. Idan bektoci biyu suka yi daidai a waɗannan ukun, bekta ɗaya ce, ko da an zana ɗaya a saman tablo ɗaya a ƙasa. Dubi sahu a masallaci. Daga Tahoua alƙibla tana gabas ne ta ɗan karkata arewa, wajen digiri 74 idan an fara auna daga arewa. Idan aka ce sahu ya matsa gaba taku ɗaya, na ƙarshen dama da na ƙarshen hagu duk bekta ɗaya suka bi, alhali tsakaninsu akwai mita da yawa.

Ɗalibin da ya riƙe wannan ya gama rabin babin. Wanda ya ɗauki bekta a matsayin layin da aka manna a wuri guda zai yi ta wahala har ajin ƙarshe.

AB da BA ba abu ɗaya ba ne?

In tsawo kake nufi, ɗaya ne. In da kibiya a kai, kishiyoyin juna ne: zuwa da dawowa. Shi ya sa ake rubuta bektar BA daidai take da −AB, kuma idan ka haɗa su biyun kana samun bektar sifili, wato ka koma inda ka tashi. Kada ka yi ƙyuyar saka kibiyar nan. Mai gyaran takarda bai san abin da ke zuciyarka ba, abin da ka rubuta yake gani.

Kullum ina kuskure wajen fitar da lambobin bekta daga ɗigo biyu. Ina matsalar take?

Dokar ita ce wurin isa a cire masa wurin tashi. Idan A yana (2, 1), B yana (5, 5), to bektar AB ita ce (5 − 2, 5 − 1), wato (3, 4). Tsawonta √(9 + 16), wato 5.

Inda ake faɗuwa shi ne lamba mai alamar ragi. A ce A (−2, 3), B (4, −5). Na farko 4 − (−2) ne, wato 6. Yara da yawa suna rubuta 2. Na biyu −5 − 3 ne, wato −8. Bektar ita ce (6, −8), tsawonta 10. Ka zana ɗigon biyu a takarda mai gida-gida ka ƙirga da yatsa: daga −2 zuwa 4 gida nawa ne? Shida. Da ka yi zanen tun farko, idonka ba zai yarda da 2 ba. Wannan dabarar ta bai wa kowane ɗigo lambobi biyu ana danganta ta ga René Descartes, wanda ya wallafa aikinsa a 1637, kuma amfaninta shi ne lissafi ya tsare zane, zane ya tsare lissafi. Wanda ya yar da zanen ya yar da rabin makaminsa.

Dokar Chasles fa? Mushenmu ya ce mu haddace ta.

Babu abin haddacewa. Direban da ya tashi daga Tahoua ya je Konni, ya tashi daga Konni ya je Madawa, a ƙarshe daga Tahoua ya koma Madawa. A rubuce, AB + BC = AC. Harafin tsakiya zango ne, ana tsallake shi. Michel Chasles, Bafaranshen da aka laƙaba wa sunan, ya rayu daga 1793 zuwa 1880, amma fatake sun san abin tun kafin a haife shi.

Da wannan za ka warware duk wata doguwar jimla da aka ba ka. AB + CD + BC: sake jera su, AB + BC + CD, sai ka ga AD. Idan da ragi, juya kibiyar: AB − AC daidai yake da AB + CA, wato CA + AB, wato CB.

Sai dai ka kula, bektoci ake haɗawa haka, tsawo ba ya bin wannan dokar. Wanda ya yi taku 3 gabas da taku 4 arewa ƙafarsa ta yi taku 7, amma tsakaninsa da inda ya tashi taku 5 ne. Tsawon AC ba ya kai tsawon AB da na BC a haɗe sai idan B yana kan hanya tsakanin A da C. Na ga takardun da suka rasa maki a nan fiye da ko'ina a babin.

An ce in nemo D domin ABCD ya zama paralelogaram. Na rubuta AB = CD, aka ja mini ja.

An yi daidai da aka ja, ɗiyata. Bi siffar da yatsa: A zuwa B, B zuwa C, C zuwa D, D ya koma A. Kewayawa kike yi, don haka lokacin da kika tashi daga C zuwa D kin juya baya ga inda AB ta dosa. Wadda ta yi daidai da AB ita ce DC.

A ce A (1, 1), B (5, 2), C (6, 5). Bektar AB ita ce (4, 1). Bektar DC ita ce (6 − x, 5 − y). To 6 − x = 4, 5 − y = 1, D ya fito (2 ; 4). Kafin ki miƙa takarda ki gwada ta wata hanya: tsakiyar AC ita ce (3,5 ; 3), tsakiyar BD ma (3,5 ; 3). Layukan da suka ratsa siffar sun haɗu a tsakiyarsu, aikin ya tabbata. Wannan gwajin bai kai minti ɗaya ba.

A zanena ɗigo ukun suna kan layi ɗaya sarai. Me ya sa sai na kawo hujja?

Saboda bakin fensir yana da kauri. A (0, 1), B (2, 4), C (6, 10) suna kan layi ɗaya. Matsa C zuwa (6 ; 10,1) ka sake zanawa, ba za ka ga bambanci ba, alhali sun sauka daga layin. Hujjar ita ce AB (2 ; 3), AC (6 ; 9), a ninka su a gicciye a cire: 2 × 9 − 3 × 6 = 0. Idan sifili ya fito, layi ɗaya ne. Idan bai fito ba, ba layi ɗaya ba ne, komai kyan zanen.

Malam, ni magini ne, ban yi lakwal ba. Yarona ya ce wai 60, 80, 100 da muke yi wajen fitar da kusurwar ɗaki yana cikin littafinsu. Gaskiya ne?

Gaskiya ne, Alhaji. Idan kuka auna santimita 60 a kan igiya ɗaya, 80 a kan ɗayar, kuka ga tsakaninsu 100 cif, kun san kusurwar ta miƙe. A aji ana rubuta shi 60 × 60 + 80 × 80 = 3600 + 6400 = 10 000, shi ne 100 × 100. Sunan Pitagor ake ba dokar, wani Bagirke da ya rayu a ƙarni na 6 kafin haihuwar Annabi Isa, amma an tono allunan laka a Iraƙi da ke nuna mutanen Babila sun san irin waɗannan lambobin fiye da shekara 1000 kafinsa. Magina sun riga malamai.

Dokar fuska biyu gare ta, kuma yaronku ya kamata ya raba su. Fuska ta farko: an san kusurwar digiri 90 ce, ana neman tsawon gefe. Tsani mai mita 5 aka jingina da bango, gindinsa ya ba bangon tazarar mita 1,4, ina kansa ya kai? Tsanin ne dogon gefe, don haka cirewa za a yi: 25 − 1,96 = 23,04, √23,04 = 4,8. Yaran da suka saba haɗawa kullum suna samun fiye da mita 5, su rubuta ba tare da sun tsaya sun tambayi kansu yadda tsani mai mita 5 zai kai inda ya fi tsawonsa ba. Fuska ta biyu ita ce ta ku magina: an san gefe uku, ana son a tabbatar da kusurwar.

Ga wani abu da zai amfani mai sayen fili. Fili mai mita 20 da 15, ko gefunan da ke fuskantar juna sun yi daidai, wannan bai isa ya nuna kusurwoyinsa sun miƙe ba, yana iya zama a karkace. A ja igiya daga kusurwa zuwa kishiyarta, ta wannan gefe da ta wancan. Dole kowace ta ba da mita 25.

Yaya ake auna tsawon itace ba tare da an hau ba?

Da inuwa, kuma wannan ita ce dokar Thalès da kuke kuka da ita. Kafa sanda mai mita 1 a tsaye a fili mai shimfiɗa, auna inuwarta. A ce ta ba da mita 0,8. Nan take ka auna inuwar gawon daga gindi, a ce mita 9,6. Hasken rana yana sauka kan sandar da kan gawon da karkata ɗaya, don haka alwatika biyun siffarsu ɗaya, girma ne ya bambanta. 9,6 a raba da 0,8 ya ba da 12. Gawon mita 12 ne.

Ka auna su lokaci ɗaya, domin inuwa ba ta jira. Ka kuma guji tsakar rana. A Tahoua wajen ƙarshen Afrilu da wajen tsakiyar Agusta rana tana bi ta tsakar ka, inuwar sanda ta kusa ɓacewa, ƙaramin kuskuren awo ya zama babba. Hantsi ko la'asar ya fi.

A takardar jarrabawa kuwa, kafin ka rubuta rabe-raben nan naka, sai ka fara rubuta cewa layukan biyu, kamar sandar da gawon a nan, ba sa haɗuwa komai nisan da aka ja su. Wannan ne sharaɗin dokar, kuma akwai maki a kansa.

Kewaye da girman fili suna rikita ni. Idan kewaye ɗaya ne ai girma ma ɗaya ne?

A'a, kuma a nan ana cutar manya ma. A ce mai lambun albasa a Galmi yana da waya mita 80 ta shinge. Idan ya yi lambun mita 20 da 20, ya samu mita murabba'i 400. Idan ya yi 30 da 10, wayar duk ta ƙare amma 300 ya samu. Idan ya yi 35 da 5, 175 kawai. Idan kuwa ya zagaya wayar ta zama da'ira, zai samu kusan 509, babu siffar da ta fi wannan. Kewaye shi ne abin da ƙafa ke takawa a gefe, girman fili shi ne abin da ake shukawa a ciki.

Akwai ɗan'uwan wannan kuskuren. Idan aka ninka tsawo da faɗin ɗaki sau 2, tabarmar da zai ci ninki 4 ce. Idan tukunya aka ninka ta ko'ina sau 2, ruwan da za ta ɗauka ninki 8 ne. Ana yawan kawo wannan a tambayar dala da mazurari da aka yanke wa kai.

Gonarmu ba ta da siffar da ke cikin littafi. Babana yana haɗa gefe biyu ya raba, ya haɗa sauran biyun ya raba, ya ninka. Daidai ne?

Tsohuwar hanya ce, tsoffin Misirawa ma da ita suka auna gonaki. Idan kusurwoyin gonar huɗu sun miƙe tana ba da daidai. Idan ba su miƙe ba, ƙari take yi, ba ta taɓa yin ragi. Mai sayarwa ba zai yi ƙorafi ba.

Ɗauki gona mai gefen kudu mita 100, gefen arewa mita 60 suna tafiya jere, tsakaninsu mita 50. Gefen yamma a miƙe yake, mita 50. Gefen gabas a karkace yake, wajen mita 64. Hanyar littafi: (100 + 60) a raba biyu, 80, sau 50, mita murabba'i 4000. Hanyar Baba: 80 sau matsakaicin 50 da 64, wato 57, ya ba da 4560. An ƙara wa gonar 560, fiye da filin gida guda.

Abin da ya fi tabbas shi ne a yanka gonar alwatika-alwatika. Ja igiya daga kusurwa zuwa kishiyarta, ka samu alwatika biyu, ka auna gefe uku na kowace. Daga nan akwai dokar Heron, wani masani na Iskandariya a ƙarni na 1 miladiyya, wadda ba ta bukatar a nemi tsayin alwatika, abin da ke da wuya a cikin gona. Haɗa gefe ukun ka raba biyu. Cire kowane gefe daga abin da ka samu. Ninka lambobi huɗun, ka ɗauki √. Gefe 130, 140, 150: rabin jimla 210, ragowar 80, 70, 60. 210 × 80 × 70 × 60 = 70 560 000, √ ɗinsa 8400. Hekta ɗaya mita murabba'i 10 000 ce, to wannan yanki hekta 0,84 ne.

Ka nuna wa Baba da ladabi. Ka fara da gona wadda ba a taɓa gardama a kanta ba.

Lita, mita kubik, santimita murabba'i: ta ina zan kama su?

Riƙe biyu. Mita murabba'i ɗaya santimita murabba'i 10 000 ne, domin 100 sau 100 ne. Mita kubik ɗaya lita 1000 ne. Sauran duk daga nan suke fita. Kuma kafin ka ninka komai ka mayar da dukan awon ma'auni ɗaya.

Rijiya mai faɗin baki mita 1,8, zurfin ruwan cikinta mita 2. Rabin faɗin ake amfani da shi, 0,9. To 3,14 × 0,9 × 0,9 × 2 ya ba da kusan mita kubik 5,09, wato lita 5090, bido 203 masu cin lita 25. Wanda ya manta ya saka 1,8 zai samu ninki huɗu, ya ce rijiyar tana da bido fiye da 800.

Ga wani da nake so saboda namu ne. Duk wanda ya bi ta Keita ko Illela ya ga rabin wata da tassa da ake haƙawa a faƙo domin tare ruwa. Milimita ɗaya na ruwan sama a kan mita murabba'i ɗaya lita ɗaya ne cif. A ce rabin wata mai faɗin mita 4: girmansa rabin da'ira ne, 3,14 × 2 × 2 a raba biyu, 6,28. Idan rediyo ya ce an yi milimita 20, lita 125 da ɗoriya suka sauka cikinsa kai tsaye, ban da wanda ya gangaro daga tudu, wanda domin shi ne ake juya bakin ramin ya fuskanci tudun.

Ina gane amsar amma ba na iya rubuta ta da Faransanci.

Wannan ce matsalar ɗalibai da yawa da ake cewa ba su iya lissafi ba. Hujja layi uku ce: abin da aka ba ni, dokar da zan yi aiki da ita, abin da ya fito. Faɗi ukun da Hausa da bakinka tukuna. In sun fita sumul, Faransancin da ya rage ƴan kalmomi ne da ake maimaitawa a kowace hujja, suna cikin kayenka. In sun ƙi fita da Hausa, to ba harshen ne ya hana ka ba, koma kan zanen.

Malam, ɗiyata tana ajin 3e, ni kuwa ban san boko ba. Da me zan taimake ta?

Hajiya, ki ce ta nuna miki zanen aikin kafin ta fara lissafi, babba, wanda ya cika rabin shafi. Ki ce ta gaya miki da Hausa abin da ake nema. In ta gama, ki tambaye ta ko amsar za ta yiwu a duniya: ɗaki mai faɗin mita 300, ko mutum mai tsawon mita 17, ke ma kin san babu. A kuma tabbatar tana da kompa da ekeri da abin auna kusurwa nata na kanta, ta saba da su a gida. Yarinyar da ta fara riƙe kompar aro ranar jarrabawa hannunta rawa yake yi.

Akwai manhajar da ake ɗaukar hoton aiki da salula ta ba da amsa. Laifi ne?

Bayan ka gama naka, ka gwada da ita, ban hana ba. GeoGebra ma kyauta ce, tana barinka ka ja kusurwar alwatika da yatsa ka ga abin da ya canza da abin da bai canza ba, wanda alli ba zai iya nuna maka ba. Amma kwafe amsa daga salula ko daga rukunin WhatsApp na ajinku, mushe yana gane shi tun daga layi na biyu, saboda ana amfani da dokar da ba ku kai ba tukuna, wani lokaci har da kuskuren karanta hoton. Kuma ba a shiga ɗakin BEPC da salula.

A ba mu wani wasan ƙwaƙwalwa na awo mu gwada.

Ga biyu. Na farko: an ɗaura igiya ta zagaye gindin rumbu daidai. Ana so a ja ta baya ta ba rumbun tazarar mita 1 ta ko'ina. Igiya nawa za a ƙara? Mita 6,28, wato 2 × 3,14 × 1, kuma girman rumbun bai shiga lissafin ba. Da duniya ce aka zagaye da igiya mai kilomita 40 000 aka ce a ɗaga ta mita 1 daga ƙasa, mita 6,28 ɗin nan za a ƙara. Ɗalibai ba sa yarda sai sun rubuta 2 × 3,14 × (r + 1) sun cire 2 × 3,14 × r da hannunsu, inda r yake nufin rabin faɗin da'irar.

Na biyu: an ɗaure akuya a kusurwar wajen ɗaki mai mita 4 da 3, igiyarta mita 5. Fili nawa za ta iya kiwo? Rufe abin da ke ƙasa ka zana tukuna.

Ɗakin ya tare kashi ɗaya cikin huɗu na da'irar, saura kashi uku: 3,14 × 25 × 3 a raba huɗu. Mafi yawa nan suke tsayawa. Amma idan akuyar ta bi bangon mita 4 har ƙarshe, saura mata igiya mita 1, ta lanƙwasa a kusurwar ta ci rubu'in ƙaramar da'ira. Ta bangon mita 3 kuwa saura mita 2, wani rubu'in. A ajiye 3,14 tukuna, a haɗa babban yankin da ƙananan biyun: 18,75 + 0,25 + 1 = 20, sau 3,14, mita murabba'i 62,8. Wanda ya samu wannan ya mayar da igiyar mita 8 ya sake gwadawa. A can ƙananan yankunan biyu suna hawa kan juna a bayan ɗakin, sai an cire inda suka haɗu kada a ƙirga shi sau biyu, kuma wannan aikin ƴan lise ne.